Ranar Da Na Buɗe Bakin Innarku

Luba ce ta yi mini tambayar, kwana bakwai da rasuwar Innarku, bayan mutanen Faru da suka zo gaisuwa sun hau mota sun koma. Ta same ni a zaure, ta durƙusa nesa da ni kamar mai shirin roƙon wani abu, ta ce ta ji wata magana a bakin matan dangin uwarta.

"Baba, wai da gaske na kai kab buɗe bakin Inna gaban Kawu Mande kamar na saniya? Sun ce kai kas sa anka cire mata haƙora."

Ban amsa mata ba ran nan. Na ce ta tashi ta kai wa baƙi ruwa, alhali babu sauran baƙo a gidan. Yau shekara uku ke nan maganar tana cina a rai, kuma na san ba Luba kaɗai ta ji ta ba. Ku duka shida kun ji, kunya ce ta hana sauran tambaya. Lokacin da abin ya faru ku manya kuna gidajenku, Luba tana makarantar kwana a Jangebe, abin da aka gaya muku kawai shi ne Inna ta yi ciwon haƙori an cire. Yanzu kawunku ya rasu, Innarku ta rasu, saura ni kaɗai cikin mu ukun da muke tsakar gida a wannan rana. To ga amsa: gaskiya ne. Na buɗe, kuma an cire. Amma ku ji yadda aka yi kafin ku yanke mini hukunci, don ni na daɗe da yanke wa kaina nawa.

Kun san mu Rundawa ne, fawa muka gada kaka da kakanni a nan Mafara. Abu na farko da mahaifina ya koya mini ba riƙon wuƙa ba ne. Wata Talata ya ja ni kara, inda ake cinikin shanu, ya sa na kama hancin wani bijimi da hannun hagu, na ɗaga leɓensa da babban yatsa. Ya ce mini tozo yana ƙarya, ƙiba tana ƙarya, dillali kuwa ba a ma magana, amma baki ba ya ƙarya. Haƙora za su gaya maka shekarun dabba. Dasashi, wato naman da ke riƙe da haƙoran, shi zai gaya maka lafiyarta. In ka gan shi fari fat, jini ya ƙare, kuma sau da yawa in ka yanka za ka tarar hanta ta lalace. In ka ga gyambo a baki da dalala, sunkuya ka duba kofato, za ka samu ciwon yana can ma. Shekara arba'in na yi ina wannan aiki, har ta kai Fulani daga Bakura da Maradun in ciniki ya rikice sai su ce a kira Garba ya duba baki, abin da ya faɗa shi ke nan. Ina jin daɗin wannan suna, ba zan ɓoye muku ba. Ashe inuwar giginya na zama, na nesa ka sha. Bakin da ke cikin gidana ban taɓa duba shi ba.

Innarku, Kulu, 'yar manoma ce kuma jikar malamai a Faru. Yayanta Malam Mande bai taɓa son aurenmu ba. Bai faɗa a idona ba, amma duk zuwan da na yi da tsarabar nama sai ya karɓa da hannu biyu, ya yi godiya mai tsawo, sannan ya ja buzunsa gefe kaɗan. A wurinsu mahauci mutum ne da ake sayen nama a hannunsa, ba wanda ake ba 'ya ba. Tsohonsu ne ya ce tunda yarinya tana so a bar ta. Ni kuwa abin da ya kama ni dariyarta ce. Tana da wushirya, kuma kamar matan zamaninmu tana cin goro tana goga furen taba a haƙora har su yi jawur. Ado ne a lokacin, 'yan matan yanzu ba za su gane ba. Sauran mata sun daina da shekaru suka ja, ita ba ta daina ba, don na taɓa ce mata yana yi mata kyau. Wannan jan shi ya rufe mana ido.

Wajen shekara huɗu kafin ranar da nake ba ku labari, abubuwa suka fara canzawa a gidan, ɗaya bayan ɗaya, kuma kowanne na ba shi fassarar da ta yi mini daɗi. Ina ganin ja a kan asuwakinta, in ce goro ne. Ina ganin ja inda ta tofar a gindin darbejiya, in ce fure ne. Sau ɗaya na tambaya, ta ce ɗan jini ne kawai, wata tsohuwa maƙwabciyarmu da ke zaune ta ce ai alheri ne, mataccen jini ne yake fita da kansa, ya hutar da ita kiran wanzami ya yi ƙaho. Muka yi dariya mu duka. Sai ta fara rufe baki da gefen mayafi in za ta yi mini magana, na ce tsufa ya ƙaro mata kunya. Sai ta daina cin tsiren da nake kawo mata daga tukuba kullum da yamma, wanda tun muna amare ba ta taɓa bari ya huce ba, tana raba wa jikoki. Wannan ya ɓata mini rai ƙwarai. Na ɗauka halin gidansu ne ya motsa, ta fara ƙyamar abin hannun mahauci. Na daina kawowa, ban tambaye ta dalili ba, ita ma ba ta ce komai ba.

Cikin haka ta fara rama, ga ƙishirwa, ga yawan zagayawa. Asibiti suka ce ciwon suga ne, suka ba ta ƙwayoyi, suka hana ta abubuwa da yawa. Ta bi doka. Amma duk watan da muka koma aka auna, sugan yana sama. A ƙara magani, yana sama. Wani ma'aikaci ya ce mini lallai tana shan zaƙi a ɓoye, ni kuma da saurin fushina na dawo gida na birkita ɗakinta, na buɗe kwanoni ina neman suga da alewa. Tana zaune bakin gado tana kallona.

"Malam, in ka gama ka maida mani kwanonina yadda kat tarar da su."

Abin da ta ce ke nan. Ban samu komai ba, kuma ban ba ta haƙuri ba. Har yau in na tuna sai in ji kunya ta rufe ni.

Da kaka ta je Faru ganin gida, ta bi mata gona, tushiyar karan dawa ta soke ta a tafin ƙafar dama. Ɗan rauni ne wanda yaro zai taka ya wuce. Nata ya ƙi warkewa. Wata ɗaya, wata biyu, wata huɗu, ya zama gyambo, ƙafa ta kumbura har ba ta shiga takalmi. Likita ya kira ni gefe ya ce in sugan bai sauka ba raunin ba zai rufe ba, in kuwa ya ci gaba da cin ƙafar, dole a yanke ta don a tsira da rai. Ni da na yanke ƙafafun dabbobi ba adadi, sai da na dafa bango. Ban gaya mata ba, amma ta karanta a fuskata tun kafin mu hau babur.

Aka yi mana kwatancen wata malamar asibiti a Bakura, dattijuwa, wadda aka ce tana da hannun wankin gyambo. Muka fara zuwa duk bayan kwana uku. A zuwa na biyu tana naɗe ƙafar, Innarku ta sunkuyo ta yi mata sannu, mayafin ya zame. Na ga matar ta ɗan dakata. Ta gama naɗinta tsaf, ta ce Hajiya ta buɗe baki ta gani. Innarku ta ja mayafi ta ce ita ƙafa ta kawo. Matar ba ta matsa mata ba, ta biyo ni waje.

"Alhaji, yaushe rabon da a duba bakin matar ga?"

"Baki kuma? Ai ba ta ce haƙori na mata ciwo ba."

"Shi wanga ciwo ba shi cika zahi ba, shi as sa mutane ba su kula. Dasashi na ka ruɓewa sannu sannu. Ni dai abin da nij ji, akwai mugunya cikin bakin ga. Kuma mai suga in bakinai na ruɓa, sugan ba shi jin magani. Ku kai ta Gusau wurin likitan haƙori tun ba a kai ga wuƙa ba."

Muna isa gida bayan la'asar muka tarar da Malam Mande zaune a tsakar gida, ya zo daga Faru da ƙullin sassaƙe da rubutu a gora. Ya ji labarin yanke ƙafa. Bayan mun gaisa, gaisuwa mai tsawo irin tamu, gida da gona da iyali da gajiya, ya ce ya zo ne ya tafi da ƙanwarsa. Ya ce raunin da ya ƙi magani wata huɗu ba na asibiti ba ne, wani abu ta taka a gona. Ku yi masa adalci, son ta yake yi, shi ya goye ta tana ƙarama. Na gaya masa abin da malamar Bakura ta ce. Ya yi murmushin nan nasa.

"Garba, mi yag gama baki da ƙahwa? Ciwo na ƙasa, ku tahi neman shi sama?"

"Malam, ni na san ciwon da ka kama baki shi kama kofato. Kullum ina ganinai kara."

"Kara! To ƙanwata ba kara take ba."

Nan zuciya ta ɗebe ni. Ina so ku gane, ban yi shawara ba. Innarku tana zaune kan tabarma, ƙafar a miƙe. Na durƙusa gabanta, hannuna ya tafi da kansa yadda ya saba tafiya shekara arba'in: hagu ta tallabi haɓa, babban yatsa ya ɗaga leɓe. Abin da na gani ba zan manta ba. A ƙarƙashin jan fure dasashin ya kumbura ya yi baƙi-baƙi, ya janye har saiwar haƙora tana waje. Inda yatsana ya taɓa, jini da mugunya suka fito. Haƙoran gaba biyu, masu wushiryar nan, suna motsi kamar turken da ruwa ya ci gindinsa. Ga wari. Da a kara na ga irin wannan baki, ko tayi ba zan yi ba. Sai a lokacin na gane tsiren, na gane mayafin, na gane komai a lokaci ɗaya. Ba ƙyama ba ce. Matar nan ba ta iya tauna nama, kuma tana tsoron in ji warin bakinta.

Ba ta ture hannuna ba. Hawaye kawai suka zubo suka jiƙa mini yatsu. Malam Mande ya miƙe tsaye.

"Innalillahi! Gabana? Jikar malamai ta kaka ɗaga ma leɓe kamar saniyar sayarwa? Dama na hwaɗi, Barunje Barunje na. Kulu, tashi mu tahi."

Na tashi na ja da baya, don na san na yi abin kunya. Mace mai jikoki, a gaban yayanta. Innarku ta share fuska da mayafi, ta dubi ƙafarta, ta daɗe tana dubanta.

"Yaya, ka yi haƙuri. Rubutun ga zan sha, Allah shi saka. Amma Gusau za ni."

Ya bar goran da ƙullin a kan tabarma ya fita, ko ruwa bai sha ba. Daga ran nan har ya koma ga Allah bai ƙara taka gidan nan ba. In mun haɗu wurin jana'iza ko suna, hannu kawai yake ba ni, fuska tana wani gefe.

A Gusau likitan haƙori ya daɗe a kanta, sannan ya zaunar da mu ya yi mana bayani yadda za mu gane. Ya ce mu ɗauka duk wannan dasashin da ya ruɓe gyambo ne buɗaɗɗe, kusan faɗin tafin hannu in an haɗa shi, kuma yana nan dare da rana shekara da shekaru. Ƙwayoyin cutar da ke ciki suna samun hanya su shiga jini, jiki kuma kullum yana cikin faɗa da su. Wannan faɗan yana hana maganin suga aiki yadda ya kamata, sugan kuma in ya hau sai ya ƙara ruɓar da dasashin, kowanne yana ciyar da ɗan'uwansa. Jinin da suga ya yi wa yawa ba ya rufe rauni, shi ya sa ƙafa ta ƙi. Ya ce har zuciya da hanyoyin jini ana ganin irin wannan ciwo yana wahalar da su. Na ba shi labarin ciwon shanu na baki da kofato, ya yi dariya ya ce ba cuta ɗaya ba ce ko kusa, amma mahaifina ya yi gaskiya da ya ce a fara duba baki. Bai yi mana alkawari ba. Ya ce zai kankare abin da zai kankaru, amma haƙora bakwai sun riga sun mutu a tsaye, barinsu barin ciwon ne. Cikinsu har da na gaba biyu.

Ya dube ni yana jiran amsa, kamar yadda ake yi wa maigida. Wannan karon na yi hankali, na juya wurinta.

"Kulu, bakinki na. Mi kika gani?"

"Kai da kas san ciniki, haƙora bakwai da ƙahwa ɗaya, wane ya hi?"

Ita ta dangwala yatsa a takarda, ba ni ba. Ku riƙe wannan, don matan Faru ba su faɗe shi ba.

Ba a rana ɗaya aka yi ba. Mun yi ta zuwa Gusau kusan wata biyu, a cire biyu a huta, a wanke, a koma. Aka hana goro da fure, aka koya mata wanke baki safe da yamma da buroshi mai laushi. Likitan suga ya sake mata magani, malamar Bakura ta ci gaba da wankin ƙafa. Ba zan ce muku cire haƙora kaɗai ya yi aikin ba, Allah ne ya haɗa su duka. Abin da na sani, sugan da ya shekara biyu yana ƙin sauka ya fara sauka. Gyambon ya fara jan baki daga gefe. Kafin ruwan farko na damina ya sauka ya rufe, ya bar tabo kamar kwabo. Ni kuma na koma kawo mata nama, amma dambu, ina tsayawa da kaina a daka shi ya yi laushi kamar auduga. Abokan sana'a suka yi ta tsokanata wai Garba ya tsufa ya koma aikin turmi. Na ce su ci kansu.

Bayan sallar layya ta ce in kai ta Faru. Muna isa bakin gari ta ce mai babur ya tsaya. Ta sauka, ta ɗaura mayafi, ta taka da ƙafarta tun daga bakin gari har ƙofar gidan Malam Mande, ni ina biye a baya. Yana zaune kan buzunsa. Ya dubi ƙafar, ya daɗe, na ga idonsa ya kawo ruwa. Da ta buɗe baki za ta gaishe shi ya ga giɓin, sai ya kau da kai. Ya yi mata maraba, ya sa aka dama fura, ni kuwa ya bar ni tsaye a rana. Ban ji haushinsa ba. Shi wushiryar ƙanwarsa ya gani ta tafi, kuma ya san hannun da ya fara taɓa ta.

Shekara goma sha ɗaya ta ƙara a duniya, a kan ƙafafunta biyu. Da su ta je sunan 'ya'yanku, da su ta yi Safa da Marwa. An yi mata haƙoran roba, ta sa na wata ɗaya ta ce suna yi mata kamar ta ɗauki tsakuwa a baki, ta ajiye su a gwangwani. Abin da na rasa shi ne dariyar. Tana yi, amma kullum da mayafi a baki, ko mu biyu ne kaɗai. Tun daga Gusau ban sake ganin Innarku ta yi dariya baki buɗe ba, kuma wannan ya yi mini ciwo fiye da gabar kawunku.

A ciwonta na ƙarshe, wata safiya bayan na ba ta kunu, na ga lokaci yana ƙurewa, na ce bari in sauke abin da na daɗe ina ɗauke da shi. Na ce ta yafe mini abin da na yi mata a gaban yayanta, na wulaƙanta ta, hannuna ne ya riga hankalina. Ta dube ni, ta sauke mayafin daga bakinta, abin da ba ta saba yi ba.

"Malam, wanga na kaka ɗauke da shi shekara goma sha ɗaya? Ni ba hannun ga yab ɓata mani rai ba."

"To mi?"

"Babu saniyar da ka shiga kara ba ka san bakinta ba. Ni shekara huɗu ina rufe nawa gabanka, ina jiran ka ce, Kulu, mi as same ki."

Ta ce ta yafe, duniya da lahira, ta ce in miƙo mata ruwa. Na miƙa mata.

To Luba, ga amsarki. Kawunku ya yi gaskiya da ya ce na yi wa ƙanwarsa laifi, sai dai ranar da ya riƙe ni da ita ba ita ce ranar laifin ba. Ran nan na makara ne kawai da shekara huɗu.